Zare, Ƙusa da Ƙidaya: Lacca a kan Adon Sallah na Hannu a Ƙasar Gobir

Akwai wata sana'ar hannu da ta fara bayyana a wayoyin matasa cikin 'yan shekarun nan, wadda ake kafa ƙananan ƙusoshi a jikin katako bisa wani tsari, sa'annan a ɗauki zare mai launi a riƙa kewayawa da shi daga wannan ƙusa zuwa waccan har siffa ta fito, a rataye ta a bango lokacin biki. Da yake Hausa ba ta riga ta raɗa wa wannan aiki suna ba, laccar nan za ta kira shi zanen zare, domin zare ne yake yin aikin da alƙalami da tawada suke yi a zanen da aka saba gani. Abin da laccar take son ta tabbatar wa masu sauraro na Tsamaye da Sabon Birni da Isa shi ne, katakon da ƙusoshin ne baƙi, amma ilmin da yake ƙarƙashinsu, wato ƙidayar zare, ya daɗe a ɗakunan ƙasar Gobir, kuma wanda bai gane haka ba zai ɗauki aikin a matsayin abin Turawa da ake kwaikwaya, ya yi ta kwafo hotunan da ba su da ma'ana a garinsu, alhali kakarsa da ta tsufa tana ɗinkin faifai ta fi shi sanin inda bakin zaren yake.

Daga ajin lissafi wannan aiki ya samo asali, kafin masu ado su karɓe shi. Wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Everest Boole, wadda aka haifa a 1832 ta rasu a 1916, ita ake jingina wa ƙirƙirarsa, kuma ita ce matar George Boole, masanin lissafin nan da aka gina aikin kwamfuta a kan ƙa'idojinsa shekaru masu yawa bayan mutuwarsa a 1864. Da mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyar, sai ta kama aiki a ɗakin karatu na wata kwalejin 'yan mata a Landan, ta kuma duƙufa a kan matsalar da take damun malaman firamare har gobe, wato yadda za a sa yaro ya gane siffofi da hannunsa tun kafin a ɗora masa haruffa da alamomin aljabara. Dabarar da ta fitar ita ce a huhhuda kwali a jere, a ba yaro allura da zare, a gaya masa hudar da zai tashi da wadda zai sauka. A 1906 wata mata mai suna Edith Somervell ta buga littafi a kan wannan hanya ta koyarwa, daga nan ta bazu a makarantu.

Sirrin dabarar shi ne, zaren da aka ja tsakanin ƙusa biyu miƙaƙƙe ne ko da yaushe, ba shi da ikon lanƙwasa, amma idan aka tara sili da yawa bisa ƙidaya guda sai ido ya ga baka, wato layi mai lanƙwasa, a wurin da babu sili ko ɗaya da ya lanƙwashe. A ja layi biyu da suka haɗu a kusurwa, kamar yadda bango biyu suke haɗuwa a lungun ɗaki, a kafa ƙusa goma a kan kowanne da tazara iri ɗaya, a lasafta su daga kusurwar zuwa waje. Sai a haɗa ƙusa ta 1 ta layin farko da ta 10 ta layi na biyu, ta 2 da ta 9, ta 3 da ta 8, haka nan har ƙarshe, abin kiyayewa kurum shi ne lambobin biyu su riƙa tashi 11 in an tara su. Kafin a kai sili na biyar bakar ta fara leƙowa, in aka gama kuwa sai ta tsaya sarai kamar an zana ta da hannu. Masana lissafi suna kiran wannan baka farabola, ita ce hanyar da hoge yake bi in yaro ya jefa shi sama ya faɗo can gaba, ita ce kuma siffar cikin farantin da ake kafawa a kan rufin gida don kama tashoshin talabijin.

A kan da'ira ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ƙidaya take nuna ƙarfinta. Ba a bukatar kayan awo na makaranta wajen fitar da da'irar, domin hanyar da magini yake bi in zai aza harsashin rumbu ko ɗakin kago ta isa: a kafa ƙusa a tsakiya, a ɗaura mata zare, a ɗaura fensir a ɗaya bakin, a kewaya. Tsawon wannan zare, in aka riƙa auna shi daga aya zuwa aya a bakin da'irar, sau shida yake shiga daidai ba ragi ba ƙari, saboda haka da shi ake raba da'irar gida 6, in an raba kowane gida biyu a sami 12, daga nan 24, daga nan 48. To, a kafa ƙusa 12 a ɗaura zare a ta farko, a riƙa ƙirga biyar-biyar ana naɗawa. Zaren zai ziyarci dukkan ƙusoshin goma sha biyu, kowace sau ɗaya, kafin ya komo inda ya tashi, ya bar tauraro mai tsini goma sha biyu. In kuwa huɗu-huɗu aka ƙirga, zaren zai komo gida bayan ƙusa uku kacal, ya bar siffa mai kusurwa uku, sai an sake ɗaura wani a ƙusa ta gaba, har sau huɗu, kafin da'irar ta cika. Dalili shi ne 4 tana raba 12 ba saura, ita kuwa 5 babu wata lamba sama da 1 da take raba ta ta kuma raba 12. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya riga ya fahimci darasin lambobin da suke raba juna, wanda malamai suke shan wahalar cusa shi da alli a kan allo. Wanda ya kafa ƙusa 48 kuma ya haɗa kowace da ninkin lambarta, ta 1 da ta 2, ta 2 da ta 4, ta 3 da ta 6, in lissafin ya wuce 48 ya ɗebe 48 ya ci gaba, zai ga wata siffa ta fito a tsakiya mai kama da ƙwaryar da aka lotsa mata gefe ɗaya, wadda masana suke kira siffar zuciya.

Daga makaranta aikin ya shiga hannun masu sassaƙa, irin su Naum Gabo, haifaffen Rasha, wanda wajen 1942 yana zaune a Ingila ya riƙa jan zaren nailan a jikin roba mai kama da gilashi, ya mayar da shi abin ajiyewa a gidan tarihi. A ƙarshen shekarun 1960 da cikin na 1970 sai ya zama abin yayi a Amurka da Turai, kamfanoni suna sayar da katako da ƙusa da zare da takardar bayani a kwali ɗaya, daga baya ya kwanta, sai intanet ta sake tayar da shi. Cikin abin da ake gani a waya yanzu akwai adon Kirsimeti, bishiya mai tsini da ƙanƙara da barewa.

Akwai dalilin da ya sa Bature yake ƙawata bango ranar biki, Bagobiri kuwa yake ƙawata jiki. Babban bikin Turai yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu kowace shekara, lokacin da sanyi da duhu suke kulle mutane a cikin gida, saboda haka ɗaki ne filin bikin, alamominsa kuma na wannan yanayi ne. Sallah kuwa da wata take tafiya, kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana 11, wanda ya yi shekara talatin da 'yan kai a duniya ya yi ta a bazara da damina da kaka da ɗari, don haka ba ta da wani yanayi da za a ce nata ne, alamarta jinjirin wata, a Babbar Sallah kuma rago. Filinta kuma waje ne: masallacin idi, ƙofar fada, yawon barka da Sallah gida-gida. Shi ya sa duk zaren da Bahaushe yake kashewa a kan Sallah a jikin mutum da jikin doki yake ƙarewa, a ɗinkin riga da hula, a jalalar sirdi, a tuntu da gezar da suke reto a goshin doki da ƙirjinsa ranar hawa, shi ya sa kuma tela ba ya barci a goman ƙarshe na azumi.

Tarihin wannan yanki ma shaida ne a kan nauyin da tufa take da shi. Lokacin da Sarkin Gobir Nafata ya so rage ƙarfin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙarshen ƙarni na 18, cikin dokokin da ya kafa har da hana maza naɗa rawani da hana mata yafa mayafi, domin ya san a jiki ake karanta matsayin mutum. Alƙalawa, babban birnin Gobir, wadda kufanta yake nan cikin ƙasar Sabon Birni, ta faɗi a hannun jama'ar Shehu a 1808, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani daga cikinsu mai suna Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, sa'annan iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba dangi gida biyu. Duk cikin wannan hargitsi babbar riga ba ta daina zama kyautar girmamawa da sarki yake yi wa wanda ya yarda da shi ba. Aikin da ake yi mata, kamar aska biyu da aska takwas, sunansa ma ƙidaya ne, domin aska a nan tana nufin dogon zane mai tsini da yake saukowa daga wuya zuwa aljihu, ana kiran rigar da adadinsu. Mai zane, wanda sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami, shi yake fitar da siffar a kan yadi, maɗinki ya bi ta da zaren tsamiya, wato alharinin gida da ake samu daga saƙar wata tsutsa mai cin ganyen itatuwa, ko da jan alharinin da fatake suke ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus a da. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya daɗe a cikin shekarun 1970 yana tattara sunayen waɗannan zane-zane da yadda ake fitar da su.

Amma ɗan'uwan zanen zare na jini a ƙasar Hausa shi ne wadari, wato shimfiɗa zaren tsaye kafin a fara saƙa. Ana kafa turaku a ƙasa, mai wadari ya ɗauki zare ya yi ta kai da komo a tsakaninsu, yana gitta shi a wurin da ya kamata don kada ya sarƙe, yana ƙirga silin baƙi da na fari a zuci, domin daga wannan ƙirga ne zanen saƙi, mai kama da jikin zabo, zai fito in an ɗora a masaƙa. Wanda ya taɓa ganin wadari ya ga ƙusa da zare da ƙidaya, sai dai a ƙasa aka kafa su maimakon katako.

Akwai wuri a gidan Bahaushe da ake ƙawata bango da gangan, shi ne ɗakin mace. Jere, wato tsara kayan ɗakin amarya a fili don a gani, da ƙorai da akusa aka fara shi, aka koma tasoshi da kwanuka da fanteka, yau ana yinsa da tangaran da kuloli a cikin kabad, kuma in Sallah ta gabato ana sauke shi a wanke a mayar, a share yanar gizo, a gyara yaɓe da daɓe. Cikin kayan wannan ɗaki akwai abubuwa biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko faifai, wanda bakin Gobir yake furtawa hwaihwai. Mai ɗinkinsa tana farawa daga cibiya, ta riƙe siririn damin ciyawa da hannun hagu tana lanƙwasa shi a da'ira, da dama kuma tana huda zagayen baya tana zura tsagin kaba tana ɗaure sabon zagaye a jikin tsoho. Da yake kowane zagaye ya fi na bayansa tsawo, in tana son tauraro ya fito sai ta riƙa ƙara yawan ɗinkin kowane launi da gwargwado, in ta ƙara da yawa tsinin ya karkace, in ta rage ya shaƙe, kuma duk wannan lissafi a ka take yinsa, tana hira, tana tsawata wa yara. Ja daga karan dafi ake samunsa a da, ɗorawa daga rawaya, kafin galura ta shigo kasuwa. Da faifan nan ake rufe fura, da shi ake bakace, mafi kyawunsu kuma a bango ake jera su, har da garmaho ya zo ba a sami sunan da ya dace da abin da ake ɗora masa ba sai faifai.

Na biyu ita ce ragaya, wato saƙar igiya da ake ratayewa daga rufin ɗaki a ɗora ƙwaryar nono ko ta fura a ciki, don kada ɓera da kyanwa da tururuwa da hannun yara su kai gare ta. Daga rama ko kaba ake tufka igiyar, a yi mata mazauni a ƙasa kamar gammo, a tayar da rassa zuwa sama ana ƙulla su da juna a tazara ɗaya har su haɗu a maratayi. In reshe ɗaya ya ɗara sauran da ɗan yatsa, ƙwaryar za ta karkata, nonon ya zube, saboda haka a nan ƙidaya ba ta yafe kuskure. Wadda aka yi wa amarya takan sha rini da tuntu, har ta zama ado a kan kanta ko babu ƙwarya a ciki.

Waɗannan sana'o'i sun ja baya, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya riƙa kwasar auduga yana kawo yadin kanti, masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, mata suka ajiye mazari da abawa, sa'annan masaƙun su ma suka durƙushe a shekarun 2000, zare ya koma na ƙetare. Roba ta maye gurbin ƙwarya, ita kuwa robar mai murfi ba ta bukatar faifai ko ragaya. A kan wannan kuma aka ɗora masifar 'yan bindiga, wadda tun 2019 ta kori dubun-dubatar mutane daga wannan yanki da maƙwabtansa zuwa jihar Maraɗi, ta mayar da shiga daji yankan kaba ko ciyawa abin da mutum zai yi shawara da ransa kafin ya yi. Ƙasar da kaba ta yi yawa a arewacinta har aka sa wa wani kwari suna Gulbin Kaba, yau 'yan matanta sun fi sanin ulu da kwarashi da zaren buhu.

A nan ne zanen zare yake da abin da zai bayar, a nan ne kuma yake da rauni. Abin da zai bayar shi ne kayansa duk na cikin gari ne, guntun katako daga wurin kafinta, ƙusa daga mai kayan gini, ulu daga mai kayan koli, ba sai an je daji ba, kuma siffofinsa na lissafi ne, ba su shiga batun hoton mai rai da malamai da yawa suke ƙyamar a rataya a ɗaki ba. Rauninsa kuwa shi ne ba ya rufe fura, ba ya ɗaukar ƙwarya, ba a sa shi a je idi. Adon Bahaushe tun fil'azal a bayan amfani yake hawa, abin da kuma ba shi da aiki sai kallo yakan yi yayi ya wuce, kamar yadda wannan ya yi a Amurka. In zai zauna a nan, sai ya sami gurbi a cikin jere da cikin shirin Sallah, sai kuma ya ɗauki siffofin da idon mutanen wurin ya sani, domin bishiyar ƙanƙara a bangon Tsamaye, kamar yadda 'yan zamani suke cewa, zaren ba kalar yadin ba ne. Aska tana fitowa cikin sauƙi, tun da miƙaƙƙun layuka ne masu haɗuwa a tsini. Tauraron faifai ma haka. Jinjirin wata yana bukatar baka biyu, ta waje mai zurfi ta ciki mai sauƙi, su haɗu a tsini biyu, a cike tsakaninsu da zare. Dagi, wato ƙullin nan mai shiga da fita da tsohuwar Jihar Arewa ta ɗauka tambari, shi ne mai wuya, domin kyansa yana wurin da zare ɗaya yake bi ta saman wani sa'annan ya bi ta ƙarƙashin na gaba, kuma mai son fitar da shi sai ya tsara tun farko wane sili zai riga wane sauka.

Wajen aikin kansa, katako mai faɗin santimita 30 ya isa mafari, a goge shi, a lulluɓe shi da baƙin yadi ko a shafa masa fenti mai duhu don launi ya tashi. A zana siffar a takarda, a ɗora a kan katakon, a kafa ƙusa 'yar inci ɗaya a kan kowace aya, rabinta a ciki rabinta a waje, kawunansu daidai da juna, sa'annan a yage takardar. Zaren ɗinkin hula ya fi ulu fitar da baka sarai saboda sirantarsa, ulu kuwa ya fi saurin cika wuri, ya kuma fi kama ƙura. Kowace ƙusa a naɗa mata zare sau ɗaya cikakke kafin a wuce, in ba haka ba sili ɗaya ya kuɓuce sai aikin ya koma tufka da warwara, kada kuma a ja da ƙarfin da zai karkatar da ƙusa. A ɗakin ƙasa a bar ɗan rata tsakanin katakon da bango saboda gara, a kuma nisanta shi da hasken taga saboda rana tana cinye launi. In Sallah ta wuce, musamman wadda ta faɗo cikin hazo, gara a sauke shi da a bar ƙura ta mayar da shi ruwan ƙasa. Ana iya warware zaren a naɗe shi a kara a bar ƙusoshin a inda suke, domin tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba wata biyu ne da kwana goma, kuma ƙusa goma sha biyun da suka ba da tauraro da ƙirgar biyar-biyar a Shawwal, su ne za su ba da siffofi huɗu masu kusurwa uku da ƙirgar huɗu-huɗu a Zulhajji, kowace da launinta, in an fara da mai duhu a ƙasa a ƙare da fari a sama.